Hausar Majami'a: Daga Bakin Kwara Zuwa Wusasa, Ta Komo Fegge

Duk ɗalibin da ya zauna ajin tarihin rubutun boko ya san sunan J.F. Schon, domin da shi malamanmu kan buɗe darasi. A ambaci littafinsa na kalmomin Hausa na 1843, a ambaci nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876, daga nan sai a yi tsalle a dira kan Ɗan Hausa da makarantar Nasarawa da Hukumar Talifi. Abin da ba mu cika tsayawa a kansa ba shi ne dalilin da ya sa wani limamin Kirista Bajamushe, wanda ƙafarsa ba ta taɓa taka Kano ko Katsina ba, ya shafe fiye da shekara 40 yana tsintar kalmominmu ɗai-ɗai kamar mai kala a gonar da aka girbe. Dalilin kuwa a fili yake: so yake a yi wa Hausawa wa'azin Kiristanci da harshensu. Ƙofar da aka zaɓa a shigo mana ta cikinta kuma tana can kudu, a bakin kogin Kwara, a garin Anaca. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan niyya, mu ga inda ta nufa da kuma inda ta ɓulle, domin wuraren biyu sun yi hannun riga.

Bari mu fara da wurin. A Anaca akwai unguwa mai suna Fegge, tana kudu da babbar kasuwa, a kan hanyar gadar Kwara wadda aka kammala a 1965. Bahaushe in ya ji sunan, Fagge ta Kano ke faɗo masa a rai, wato zangon nan na bayan ganuwa inda ayarin Azbinawa kan sauke kaya, saboda haka da wannan suna za mu riƙa kiran zangunan 'yan Arewa na Anaca da Inugu da Fatakwal. Mutanenmu sun daɗe a wannan yanki. Tun ƙarshen ƙarni na 19 maharba giwa suka yi zango a Elele, arewa da inda Fatakwal take a yau, sa'an nan akwai sojojin Kamfanin Neja, waɗanda da yawansu da Hausa suke magana, hedkwatar kamfanin kuwa tana Asaba, tsallaken kogi daga Anaca. Da aka gano kwal a Udi a 1909, aka kafa Fatakwal, dogo ya iso Inugu a 1916, daga baya ya haɗe da Arewa ta Kafancan, sai hanya ta buɗe sosai. Shanu da wake da albasa da busasshen kifi suka riƙa gangarawa, manja yana hawa. Zama ya yi daɗi har a shekarun 1950 wani Bafillatanin ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko.

Mutanen ƙasar suna kiran duk wanda ya sauko daga Arewa da suna ɗaya, wato Awusa. A cikin wannan tukunya aka zuba Bakano da Banufe da Babarbare, aka kuma zuba Birom da Angas da Tarok da Bajju da Tangale da Bacama da Bura. Da yawa daga cikin waɗannan na baya Kiristoci ne, kuma ran Lahadi da Hausa suke waƙa, da Hausa suke addu'a, Littafin da ke hannunsu ma na Hausa ne. To, yaya aka yi haka ta faru?

A shekarar 1841 gwamnatin Ingila ta turo jiragen ruwa uku cikin Kwara, da nufin ƙulla yarjejeniya da sarakuna a daina cinikin bayi. Ƙungiyar C.M.S. ta saka mutanenta biyu a ciki: Schon, da wani Bayarabe, Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kuɓutar daga jirgin bayi yana yaro, ya girma a Saliyo. A can Saliyo ɗin Schon ya fara jin Hausa, a bakin 'yantattun bayi. Ƙidayar da aka yi a Firitawun a 1848 ta nuna Hausawa 657 a cikinsu. Tafiyar ba ta yi kyau ba, zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, aka juya. Amma Schon ya koma da abu guda a ransa: ya lura cewa ko'ina suka yada zango a kan kogin akan sami mai jin Hausa. In dai ana son harshe ɗaya da zai ɗauki saƙo zuwa cikin ƙasar Sudan, to ga shi nan.

A nan ne ya kamata mu ɗan daɗe, domin akwai wani haƙƙi da ba a biya ba. Schon ya koma Ingila da zama saboda rashin lafiya, kuma da Hausar tsince-tsince ta Saliyo ce kaɗai a hannunsa, da aikinsa bai yi nisa ba. Abin da ya ɗaga shi samari biyu ne da Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasarmu da suna Abdulkarim, ya je da su Turai a 1855. Ɗaya Abbega ne, Bamargi. Ɗayan kuwa Dorugu, Bahaushen ƙasar Damagaram. An kama Dorugu yana ƙarami, aka yi ta cinikinsa har Kukawa, inda abokin tafiyar Barth, Adolf Overweg, ya 'yanta shi. Ya bi Barth zuwa Tambutu, ya komo Barno, ya ƙetare hamada zuwa Tarabulus, ya ga Jamus da Ingila tun bai yi gemu ba. Wannan yaro ne ya zauna a gidan Schon, yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, Schon yana rubutawa, suna kuma juya Linjila tare. A 1857 aka buga Matta, a 1858 Farawa, a 1859 Fitowa, har Sabon Alkawari ya kammala a 1880. Littafin Magana Hausa na 1885, wanda muke lissafawa cikin rubutattun zube na farko a boko, babban kasonsa daga bakin Dorugu ya fito. Schon ya sami lambar yabo ta Volney a Faransa, jami'ar Oksifod ta ba shi digirin girmamawa. Dorugu kuwa ya komo gida a 1864, ya yi ta aikin tafinta ga Turawa, ya ƙare yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa, a nan Kano ya rasu a 1912. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ganinmu duk jerin marubutan Hausa da ba a fara shi da Dorugu ba, an fara shi ne daga tsakiya.

A 1854 Likita William Baikie ya sake shiga kogin, ya sa mutanensa shan kwinin, ba wanda ya mutu. Wannan ya ƙarfafa guiwa, sai a 1857 jirgin Dayspring ya ɗauko Crowther da ayarinsa, har da Abbega. A ƙarshen watan Yuli suka sauka Anaca, Sarki Akazuwa ya ba su wuri, aka bar John Christopher Taylor, ɗan Saliyo wanda iyayensa Ibo ne, ya kafa tashar mishan ta farko a ƙasar Ibo. Amma a lissafin Crowther, Anaca matakala ce. Sakkwato ya nufa. Jirgin ya wuce gaba ya daki dutse kusa da Jabba a watan Oktoba, ya nutse, tafiyar Sakkwato ta mutu a nan. Baikie ya zauna a Lakwaja, ya yi ta juya sassan Littafi zuwa Hausa, Zaburarsa ma sai bayan mutuwarsa aka buga ta, a 1881. Abbega ya rayu har ya yi sarautar Lakwaja. Anaca kuwa, wadda aka ɗauka wurin shan ruwa a kan hanya, ita ta zama cibiya. Katolika suka iso a 1885 ƙarƙashin Fada Joseph Lutz, makarantu suka tsiro, ƙasar Ibo ta rungumi Kiristanci cikin ƙarnin da ya biyo baya.

An naɗa Crowther bishop a 1864, baƙar fata na farko a cocin Angilika, kuma yadda ya yi ma'amala da sarakunan Musulmi abin lura ne. Tun yana Saliyo ya gane cewa gardama ba ta sayo zuciya: mutum ya ci abokin magana da hujja, ya tafi ya bar shi da haushi. Saboda haka ya daina jayayya a kan abubuwan da ya san ba za a daidaita ba, ya koma karanta abin da ke rubuce kawai in an tambaye shi. A 1872, a fadar Sarkin Ilori, an yi masa tambayoyi a kan Annabi Isa ɗan Maryamu, ya sa aka karanto amsa daga Littafi, aka rabu lafiya, har aka nemi ya yi addu'a, ya ɗauko addu'ar da suke yi wa Sarauniyar Ingila ya sa sunan Sarki a gurbinta. Ya yi abota da Etsu Masaba na Bida. Magajin gadon Bida na baya, Etsu Maliki, shi ya aika masa da wasiƙa da Hausa a tsakiyar shekarun 1880, yana roƙonsa ya kai kuka ga Sarauniya a hana shigo da barasa, domin ta lalata masa ƙasa. Mai karatu ya duba wannan: Sarkin Nufe Musulmi, bishop Bayarabe, Sarauniyar Ingila, harshen da ya haɗa su kuwa Hausa. Crowther bai juyar da sarkin Musulmi ko ɗaya ba, bai kuma rufe wa kansa ƙofa ko ɗaya ba.

Wannan haƙuri ne ya zama laifinsa a idon samarin da suka zo a 1890. Jagoransu Graham Wilmot Brooke, ɗan shekara 25, tare da John Alfred Robinson da wasu, suka kira kansu ayarin Sudan, suka sauka Lakwaja da niyyar shiga ƙasar Hausa kai tsaye. Suka sa riga da rawani, suka ci abincin ƙasa, suka duƙufa kan Hausa da Larabci, suka kuma shelanta cewa ba su neman kariyar Ingila, su da duk wanda ya bi su. Ba a raina musu sadaukarwa. Matsalarsu ita ce sun zo da ma'aunin bangaskiya mai tsauri, suka ɗora 'yan Saliyon da suka yi shekara talatin suna riƙe da aikin a kai, suka ce ba su cika mudu ba: wai sun shagala da ciniki, suna yi wa mutane baftisma ba tare da sun tuba da gaske ba, majami'unsu sun cika da suna babu ruhu. Wasu zarge-zargen suna da tushe, domin an sami ma'aikatan da suka yi abin kunya. Amma a taron kwamitin kuɗi da aka yi a Anaca cikin watan Agusta na 1890, abin ya wuce gyara ya koma cin fuska. Sakataren mishan, F.N. Eden, ya dakatar da Dandeson Crowther, ɗan bishop ɗin kuma babban limami, a gaban mahaifinsa, ba tare da ikon yin haka ba. Tsoho mai shekara fiye da tamanin ya janye daga kwamitin. Aka sallami akasarin ma'aikata baƙaƙe. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891.

Tambayar da aka yi faɗa a kanta a Anaca, in aka cire girman kan launin fata, tambaya ce da majami'u ke yi har yau: wa ya isa a kira shi mai bi, kuma da sauri ake kai saƙo ko da zama? Samarin ba su daɗe ba balle su ga amsar. Robinson ya mutu a Lakwaja a 1891, Brooke ya bi shi a watan Maris na 1892, ba wanda ya ga ganuwar Kano a cikinsu. Majami'un bakin teku suka ɓalle da mulkin kansu a Boni a 1892 ƙarƙashin Dandeson. Sai bayan shekara 60 aka sake ba baƙar fata cikakken riƙon lardin bishop a cocin Angilika na Nijeriya.

Duk da haka ilimin Hausa ya ci ribar wannan mutuwa. Don tunawa da Robinson aka kafa Ƙungiyar Hausa a Ingila, ta turo ɗan'uwansa Charles Henry Robinson, wanda ya isa Kano a ƙarshen 1894, ya kwaso rubutattun waƙoƙi na ajami, ya yi ƙamus, ya koyar da Hausa a jami'ar Kambirij. Bayansa sai Likita Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus a bakin fatake da alhazai. A 1900 suka iso Kano da Bishop Tugwell, Sarki Alu ya ce ba ya bukatarsu, ya ba su kwanaki su bar masa gari. Suka koma Girku, ɗaya daga cikinsu ya mutu a can. G.P. Bargery, mai ƙamusun 1934 da har yau ba mu sami wanda ya maye gurbinsa ba, shi ma a wannan shekara ya zo a matsayin ɗan mishan. Miller ya samu zama a birnin Zariya a 1905, ya buɗe makaranta da ɗakin magani.

Masu binsa ba su da yawa, kuma mafi ban mamaki a cikinsu da ƙafarsu suka zo. Wajen tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga fifita Annabi Isa, aka kashe shi a kan haka, almajiransa suka watse wajen Ningi da gabashin Zazzau, ana kiransu Isawa. A 1913 'ya'yansu suka nemi Miller. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, ciwon barci ya faɗa musu ya yi ɓarna mai yawa, waɗanda suka tsira suka dawo Zariya. A 1929 aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa. Ƙaramar al'umma ce, amma daga cikinta aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likitan Arewa na farko, da John Tafida wanda suka rubuta Jiki Magayi da Rupert East, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. A nan kuma Yakubu Gowon ya girma, mahaifinsa Ba'angashe ne mai bishara.

A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, Miller ne jigon fassarar tare da wasu 'yan mishan da malamai Hausawa. An yi shi ne domin Bakano da Bakatsine. Su kuwa suna da Littafinsu da malamansu, ga kuma alkawarin da Lugga ya yi wa sarakuna na cewa ba za a taɓa addini ba, wanda ya sa gwamnati ta tsare ƙofofin masarautu. Sai ruwa ya bi ta inda ƙasa ta yi gangare. Ƙungiyar S.I.M., wadda ta fara ƙoƙari tun 1893, da S.U.M. wadda ta sauka Wase a 1904, da 'Yan'uwa da suka kafa Garkida a 1923, duk sun sami kansu cikin ƙabilu masu harsuna barkatai, kowane tsauni da nasa. Ba su da mutane ko kuɗin fassara wa kowa, Hausa kuwa ta riga ta shiga kasuwanni da ma'adinan kuza. Makarantar horar da masu bishara da aka buɗe a Gindiri a 1934 da Hausa ta koyar. Fastocin S.U.M. na farko da aka naɗa a 1938, wato Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot, ba Bahaushe ko ɗaya a cikinsu. Da majami'un suka tsaya da ƙafarsu ma sunayen Hausa suka raɗa wa kansu, kamar Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi ta 1955 da Ekklesiyar 'Yan'uwa. Abin kwatance a nan shi ne Littafin Ibo na 1913, wanda T.J. Dennis ya haɗa daga kare-karen harshe daban-daban, ya fito da wata Ibo da ba a magana da ita a kowane gari, abin da Chinua Achebe ya soka ƙwarai. Hausa ba ta sha wannan wahala ba, domin an tarar da ita da daidaitacciyar hanya tun kafin a zo.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi shafar mu ɗaliban harshe. Mai fassara Littafin Kirista zuwa Hausa ya tarar da rumbu cike da kalmomin addini waɗanda Musulunci ya tara cikin ɗaruruwan shekaru: annabi, mala'ika, zunubi, tuba, Shaiɗan, Attaura, Zabura, Linjila. Ya ɗiba, ba shi da zaɓi. Sunan Allah ma shi ya ɗauka, ba a kuwa yi shari'a a kai ba, alhali a Malesiya a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta hana wata jaridar Katolika amfani da wannan suna. Amma kalma in ta sauya gida takan sauya hali. Sujada a wurin Musulmi sa goshi ne a ƙasa, a majami'a kuwa duk taron ibadar Lahadi ne, tun daga waƙar farko har sallama. Ceto a bakin malaminmu na zaure abin ranar alƙiyama ne, a bakin fasto abu ne da aka riga aka samu. Alheri, wanda muka sani da kyauta da kirki, an ɗora masa nauyin rahamar da ba a cancanta ba. Baiko, wanda a Kano sa rana da tsayar da maganar aure ke biyo bayansa, a majami'a kuɗin da ake sakawa a faranti ne. Baƙon da ya ji an ce za a karɓi baiko kada ya waiwaya neman amarya. Inda Musulmi ke cewa imani, Kirista ya zaɓi bangaskiya, kalmar Hausa tsantsa daga ba da gaskiya, har ta kai ana gane mutum da ita. Bishara kuwa 'yar'uwar albishir ce, wanda ake amsawa da goro.

Sunan Almasihu kansa ya sha jan-in-ja. A ce Isa, a kusanci maƙwabci, ko a ce Yesu, a nuna bambanci? Fassarar 1932 ta tsaya a kan Yesu Kristi, sabuwar da ta fito wajen 1980 ta ce Yesu Almasihu, wato rabi nan rabi can. Akwai kuma inda dabarar fassara ta ƙare, kamar laƙabin Ɗan Allah, domin a nan saɓanin na aƙida ne, ba wata kalma da za ta rufe shi, kuma Crowther ya san haka tun a Saliyo.

Yadda wannan Hausa ta shiga jinin mutane kuwa, ta hanyar ajin nazarin Littafi ne. 'Yan mishan na Furotestan sun nace mai neman baftisma ya iya karatu, don ya karanta da idonsa. Saboda haka ƙaramin ajin koyar da addini na ƙauye shi ne ajin yaƙi da jahilci, manomi da rana, malami da yamma. Tsarin zaman ba shi da wuya: a buɗe sura, kowa ya karanta aya ɗaya bi da bi, mai jagora ya yi tambaya, a tattauna, a ba da ayar haddacewa. Wanda ya yi shekara goma yana wannan, ko da Tarok ya tashi, Hausar littafi ta zauna masa. Zumuntar Mata, da zanensu iri ɗaya da tulunan kiɗa da caki, su suka fitar da waƙar majami'a daga karin Turawa suka mai da ita ta gida. Fita bishara ma ta koma hannun 'yan ƙasa: a 1948 majami'un S.I.M. suka kafa ƙungiyarsu ta aika masu bishara, sa'an nan a farkon shekarun 1960 aka fara Sabon Rai Don Kowa, wanda ya dogara ga ƙananan rukunonin addu'a a gidaje, talakawa na fita biyu-biyu. Wannan ya zo daidai da rangadin musuluntarwa na Sardauna, kuma da Hausa ɓangarorin biyu suka yi ta zawarcin mutane ɗaya. Rediyon Muryar Bishara, mai ɗakin shirye-shirye a Jos, daga Adis Ababa ya riƙa watsowa tun 1963 har sojojin Habasha suka ƙwace tashar a 1977.

Mun sani a ajinmu akan yi wa wannan Hausa dariya, a ce ba ta bambanta namiji da mace, ba ta furta ƙ da ɗ. To, ai harshen da ya bar gidan ubansa ya zama na miliyoyin da ba a haife su cikinsa ba dole ya yi haka. Mu da muke alfahari da yawan masu jin Hausa a duk taron ƙasa, da waɗannan mutane muke cika lissafin.

Daga nan sai hanyar ta juyo kudu. 'Ya'yan waɗannan majami'u sun bi aikin dogo da na ɗan sanda da na soja, inda Hausa ta daɗe tana zama harshen bariki. A Kaduna, da baƙi daga ikilisiyoyi daban-daban suka taru, sai suka kafa Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi, domin abin da ya haɗa su, wato harshen sujada, ya fi abin da ya raba su. Irin wannan bukata ce ta sa ikilisiyoyin Arewa kamar ECWA da COCIN suka buɗe rassa a biranen Kudu, galibi da sashen Turanci da sashen Hausa. Sai ga Littafin da aka yi niyyar ɗauka daga Anaca zuwa Sakkwato a 1857 ya komo Anaca a cikin akwatin kurtu da jakar ɗan doya, bai kuwa ratsa ta Sakkwato ba.

Zaman wannan mutum a Fegge yana da wuyar sha'ani. Addininsa na mai masauki ne, harshensa da tufarsa da abincinsa na maƙwabcinsa ɗan zango ne. Idan majami'arsa ta yi maganar fita bishara, waɗanda za su ji Hausarsa su ne masu sayar masa da tsire, waɗanda yake shiga mota ɗaya da su in za a je gida, don haka tambayar Crowther da Brooke tana jiransa a bakin ƙofa. Ranar tarzoma kuwa suna ake bi, sunansa a titi kuma Awusa. Bayan kisan gillar da aka yi wa Ibo a garuruwan Arewa a 1966, an taɓa 'yan Arewa a Gabas, gwamnatin Ojukwu ta ce duk wanda ba ɗan jihar ba ya fita, zangunan suka zama kufai. Yaƙi ya ci Inugu a watan Oktoba na 1967, a watan ne kuma aka yi wa farar hula kisan kiyashi a Asaba. Anaca ta faɗi a Maris na 1968 bayan an karya gada, babbar kasuwa ta ƙone. Fatakwal ta bi a watan Mayu. Shugaban ƙasar da ya jagoranci yaƙin, wanda a Gabas ake lissafa shi cikin Awusa, yaron Wusasa ne da ya tashi da Littafin 1932.

Bayan 1970 aka dawo, aka sake kafa rumfuna. A watan Fabrairu na 2006, bayan an kashe Kiristoci an ƙona majami'u a Maiduguri saboda zanen ɓatanci da aka buga a Danmak, ramuwa ta tashi a Anaca. An kashe mutane da dama, an ƙona masallatai da shaguna. Dubban 'yan Arewa suka fake a barikin soja, wasu suka haye gada a guje zuwa Asaba. Da ƙura ta lafa, manyan motocin shanu da albasa suka ci gaba da sauke kaya a bakin gada.